Ba Ya Ci Da Mu

Shafi na 23

Agali ya ci abinci a faranti ɗaya da ma'aikatan sashen saƙa ranar Alhamis. Wannan ne karo na farko tun da aka ɗauke shi daga gadin ƙofa aka kai shi kan inji. Jamilu, abokin aikinsa, wanda ya rantse da safe cewa ba zai ƙara tsayawa kusa da shi ba, shi ne ya tura masa tsokar nama gabansa.

Abin ya faru ne a rumfar Ya Fanna mai abinci, bayan katangar wani kamfanin tabarmar roba a Sharada cikin Kano, lokacin hutun azahar.

Mutum ɗaya ne bai ga cin ba: Malam Isyaku, heluman sashen, wato mai kula da ma'aikatansa, wanda ya yi wa Agali hanyar aikin.

Ga yadda aka yi.

Injin saƙa mutum biyu yake so. Ɗaya yana ba shi tsinken roba, ɗaya yana lura da tabarmar da ke fitowa. Da safe manaja ya kira Malam Isyaku ofis, ya yi masa magana a tsaye.

"Yau gwajin Buzun nan ya ƙare. In akwai wanda zai tsaya da shi a inji, ya zauna. In babu, ka sallame shi. Kafin a tashi nake son amsa."

Ƙofar da Agali ya bari kuwa an riga an ba wani. In ya sauka daga inji, babu inda zai koma.

Malam Isyaku bai ce wa kowa komai ba sai da aka idar da salla. Aka shimfiɗa tabarma a rumfa, Ya Fanna ta dire babban farantin shinkafa da wake, mai da yaji a gefe, 'yan tsokoki a sama. Mutanen sashen suka kewaye shi yadda suka saba. Agali ya karɓi nasa a ƙaramin kwano, ya juya zai nufi bayan tankin ruwa, shi ma yadda ya saba. Rawaninsa ya ajiye tun ranar da aka ce inji zai iya kama shi. Hula yake sawa yanzu, da takunkumin da kamfani ke rabawa saboda ƙurar roba. Kowa yana cire nasa a bakin ƙofar sashe. Shi ba ya cirewa.

"Agali," in ji Malam Isyaku. "Dawo."

Ya tsaya.

"Zo ka zauna. Jamilu, kai ma cire hannunka daga abincin nan. Maganar da ka faɗa mini da safe, maimaita ta a gabansa."

Agali ya durƙusa a bakin tabarma, kwanon a kan gwiwarsa. Jamilu ya karkaɗe hannu.

"Malam, ni ba ni da ta cewa a kan aikinsa. Hannunsa ya fi nawa sauri. Ko a gaban manaja zan faɗa."

"To mene ne?"

"Ba ya ci da mu."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan kuka ce? Ranar Litinin na kawo wainar sunan ɗana. Matata Badi'a tana jego, amma sai da ta tashi ta tsaya a kan miyar da kanta. Kowa ya sa hannu. Har direban babbar motar nan da ba mu san sunansa ba, ya ci ya sa albarka. Shi kuwa ya ɗebi nasa ya tafi bayan tanki kamar guba na ba shi."

Jamilu ya ci gaba.

"Malam, kun fi ni sanin injin nan. In ya kama hannun rigarka, abokinka ne zai kashe shi ya janyo ka. Mutumin da yake ƙyamar abincin gidana, ranar da inji ya kama ni, zai taɓa jikina?"

Malam Lawan, wanda ya fi kowa tsufa a sashen, ya shafa farin gemunsa.

"Yaro, gara ka ji daga bakinmu. Ana magana. Wasu sun ce tsoron sammu kake yi. Wasu sun ce ciwo ne a bakinka. Alwala ma sai ka juya wa mutane baya."

"Korona ta tafi tun yaushe," wani ya faɗa daga can ƙarshen tabarma, "ta manta da shi a nan."

Aka ɗan yi dariya, gajeriya.

Malam Isyaku ya dubi Agali. Shekaru ya yi yana wuce shi a ƙofa safe da yamma. Ya san ba ya sata, ba ya barci a bakin aiki, ba ya ɗaga murya. Wannan kam bai taɓa tambayarsa ba. In an kawo zancen, abin da kowa ke cewa shi ma yake cewa: halinsu ne, a bar su. Yau ya ga inda barin ya kai.

"Ka ji abin da aka ce. Amsa."

Agali ya dubi kwanonsa.

"Baba, maganar ga tana da nauyi ga bakina."

"Ashe akwai bakin," in ji Jamilu.

"Jamilu."

"Na yi shiru, Malam."

Agali ya gyara zama. Hausarsa ta mutanen Nijar ce, a hankali yake fitar da ita.

"Can wurinmu, Abalak, in yaro ya girma aka naɗa mishi rawani, amawali ya rufe bakinshi ke nan. Ba ya buɗe shi gaban wanda yake jin nauyi. Ba ya tauna gabanshi. In na zauna na ci gaban mutum irin wannan, kamar na ce mishi ni da kai ɗaya muke. Zagi ne. Muna ce ma abin takarakit."

"Taka me?"

"Kunya."

"Kunya," Jamilu ya maimaita. "To mu a nan, wanda ya ƙi cin abincinka ya ce maka kai ba kowa ba ne."

"Yanzu na sani. Da ina ƙofa, ni kaɗai nike ci, ba wanda ya damu. Da na shigo cikinku na ga fuskarku ta sake, na gane. Amma in tashi in ce ga dalili, wannan ma kunya ce. Ta fi ta farko."

"Sai ka bari a kore ka?" in ji Malam Isyaku.



Jamilu ya girgiza kai.

"Labari ne, Malam. Wainar fa? Kaji ya ba, ko kwata ya zuba?"

"Kai, bawana, rufe mini baki!"

Ya Fanna ce, daga bayan tukunya, ludayi a hannu. Babarbariya ce, Jamilu kuwa Bafulatanin Jahun, saboda haka tun ranar da ya fara cin abincinta take kiransa bawanta, shi ma yana ramawa.

"Baiwa, maganar maza ake yi."

"Mazan da nake ciyarwa? Wainar nan a kwanona ya ɗiba. Da ya dawo da shi sai da na duba ko wanke shi ya yi. Tas. Ya ce in tambayar masa me aka sa a miyar. Na ce kabewa ce da gyaɗa, ka tambayi mai ita. Ya ce a'a."

Jamilu ya buɗe baki, ta ɗaga masa ludayi.

"Ban gama ba. Cukun da na ba ka washegari na ce ka kai wa mai jego, daga ina kake tsammani na samo shi? Raƙumi gare ni?"

"Ya Fanna," Agali ya faɗa a hankali, "na ce kar ki faɗi."

"Na faɗa. Kai ni kotu."

Jamilu ya dubi Agali, ya dubi Ya Fanna.

"Cukun da Badi'a ta dama fura da shi, take ta cewa Allah ya yi wa Ya Fanna albarka?"

"Albarkar na karɓa, ba zan mayar ba. Cukun dai ba nawa ba ne."

Wannan karon dariyar ta ɗan fi tsawo. Jamilu bai yi ba. Ya sunkuyar da kai yana murza ƙwayar wake a gefen faranti.

Ya Fanna ta ajiye ludayin, ta zagayo gaban rumfa.

"Bari in gaya muku. Ni da na zo garin nan, Hausata ba ta kai tasa ba. In na ce a ba ni gishiri, sai an kira mutane su zo su ji. Kowa yana gaishe ni, babu mai zama wurina. Ran nan wani tsohon Bafulatani ya tsaya a gaban tukunyata ya ce, baiwa, zuba wa ubangidanki. Na zage shi, ya zage ni, muka yi ta yi har mutane suka taru. Ranar na san na zauna a Kano. Shi wannan wa ya taɓa tsokanarsa? Sannu Buzu, sai an jima Buzu. Sunansa ma rabinku ba ku sani ba sai da ya hau inji."

"Girmama shi muke yi," in ji Malam Lawan.

"Baƙo ake yi wa irin wannan girmamawar, Malam. Shi kuma yana can yana girmama ku a bayan tanki. Kowa yana girmama kowa, aiki zai fita daga hannun mutum."

Ta juyo kan heluma.

"Ku ma, Malam Isyaku. Tun da nake da ku ban taɓa jin kun faɗi sunan 'yarku Rumaisa ba. Yarinyar nan, yarinyar nan. Ga ta can a sashen ɗinki, kullum a bayan babur ɗinku take zuwa. Wa ya taɓa cewa ƙinta kuke yi?"

"'Yar fari ce," in ji Malam Isyaku a taƙaice.

"To."

Agali ya kai hannu ya ja takunkuminsa sama, har ya kusa taɓa idonsa. Malam Isyaku ya gani. Bai ba abin wata ma'ana ba.

Jamilu ya ɗago.

"Na ji. Ban ce ƙarya yake yi ba. Amma ni ba Abalak nake ba, Sharada nake. Ya ci. Yanzu, a nan, a farantin nan. In ya sa hannu, ni zan je in gaya wa manaja da bakina cewa da shi zan tsaya."

"In bai sa ba fa?" in ji Malam Isyaku.

"To a nemo masa wani."

Babu wani. Duk wanda ke kan tabarmar ya san haka.

Agali ya dubi farantin. Ya dubi Jamilu. Ya bi fuskokin da ke kewaye ɗaya bayan ɗaya. Fuska ɗaya ce ya tsallake.

"Zan ci da kai, Jamilu. Zan ci da jama'ar ga duka."

"To bismilla."

"Amma ba gaban Baba ba."



Malam Isyaku ya riga ya wanke hannu. Shi ya shiga ofis ya roƙa a gwada mutumin nan. Shi ya tsaya masa ranar rikicin rawani. A farantin nan yake ci tun kafin wasu daga cikin yaran nan su fara aiki. Maganar ta soke shi, bai bari ta fito a fuskarsa ba.

"Ni ne matsalar?"

"Ba matsala ba ce, Baba."

"In na tashi za ka ci?"

"Zan ci."

Ya miƙe, ya saka takalmansa.

"Ya Fanna, zuba mini nawa a kwano."

"Malam, ku zauna mana," in ji Jamilu, muryarsa ta sauka. "Ni ban ce..."

"Kai ka sa sharaɗi, shi ya sa nasa. Ni kuma amsa nake nema kafin a tashi. Ku ci."

Ya karɓi kwanon ya zagaya bayan tanki.

Bai taɓa zuwa wurin ba. Bulo ɗaya ne a jingine da katanga, samansa ya yi santsi saboda zama. Inuwar tankin ba ta rufe mutum duka. Kwatar kamfani tana bi ta gefe da warinta. Wanda ya zauna a kan bulon, bango yake kallo.

Malam Isyaku ya zauna. Ya yi bismilla, ya kai loma ɗaya, ya ajiye hannu.

Daga rumfa babu motsi. Har ya fara tunanin ko mutumin ya fasa.

Sai muryar Jamilu ta tashi.

"La'ilaha illallahu! Jama'a, wushirya gare shi!"

Rumfa ta kece.

"Wallahi ku duba! Irin wannan bakin kake ɓoye mana? Mu da muke yawo da namu a buɗe, me muka fi ka da shi?"

"A bar shi ya haɗiye mana," in ji wani.

"Ungo nama, Agali. A'a, ɗauki. Na ga ko haƙoran na aiki ne ko na ado."

Sai wata murya da Malam Isyaku bai taɓa jin ta fito ba tare da ƙyalle a gabanta ba.

"Jamilu, yadda shinkafa ke zubowa daga bakinka, kai ya kamata a naɗa ma amawali."

Wani ya ƙware. Ya Fanna ta rangaɗa guɗa. Jamilu yana ihu yana cewa a shaida, Buzu ya zage shi, daga yau ba sauran mutunci tsakaninsu. A cikin hayaniyar akwai wata dariya mai haɗe da tari, wadda kowa a sashen ya sani. Ta Malam Lawan ce.

Malam Isyaku ya yi murmushi shi kaɗai, ya kai loma ta biyu.

Hannunsa ya tsaya a hanya.

Malam Lawan.

Malam Lawan yana kan tabarmar. Bai tashi ba, ba a kuma ce ya tashi ba.

Ya Fanna ta zagayo da kofin ruwa, ta ajiye a gefen bulon.

"Ba ku ci ba, Malam."

"Yana ci?"

"Kamar wanda ya dawo daga gona."

"Malam Lawan yana wurin?"

"Yana nan. Kafaɗarsu ma tana gugar juna."

"Malam Lawan ya girme ni."

"Nesa ba kusa ba."

"Ya riga ni shiga kamfanin nan. Shi yake ja mana salla."

"Haka ne."

"A gabansa ya buɗe baki."

"Ya ɗan juya gefe da farko. Amma ya buɗe."

Malam Isyaku ya dubi bangon. Wani abu ya dawo masa. Lokacin da Agali yake ƙofa, in an tashi aiki yakan tsaya wurinsa a sha shayi. Agali ya zuba masa a ɗan ƙaramin kofi, ya zuba wa kansa, ya tura nasa ta ƙarƙashin amawali ya kurɓa. Tare suke sha. Daga baya ya koma zuba masa shi kaɗai. In ya ce kai fa, sai ya ce ya riga ya sha. Wajen ƙaramar salla abin ya fara.

"Da yana shan shayi a gabana," ya ce.

"Da."

"To me na yi masa?"

Ya Fanna ta gyara ɗaurin zaninta.

"Ni mai abinci ce, Malam. Abin da ya shiga kwano na sani."

"Ya Fanna."

"To ku bar na Abalak. Ku Hausawa, a gaban wa saurayi ba ya cin abinci, ko da yunwa za ta kashe shi?"

Ba ta jira amsa ba. Ta koma wurin tukunyarta.

Jiniyar komawa aiki ta yi ƙara. Malam Isyaku ya fito daga bayan tanki da kwanonsa, abincin kusan yadda aka zuba. Farantin rumfa babu ko ƙwaya. Jamilu da Agali suna gaba, Jamilu yana ta magana da hannu. Da suka zo daidai da shi, takunkumin ya riga ya koma wurinsa. Agali ya rage tsawo, idonsa a ƙasa.

"Na gode, Baba."

"Ku je ku tayar da inji."

Jamilu bai bari heluma ya shiga ofis shi kaɗai ba. Ya leƙa ta bayansa ya ce da manaja, "Yallaɓai, da shi zan tsaya." Manaja ya ce to, ya ci gaba da wayar da yake yi. Aikin Agali ya tabbata.

Hanyar komawa sashen saƙa ta ƙofar sashen ɗinki take bi, inda mata ke kama bakin tabarmi da keke. Kullum in Malam Isyaku ya wuce, Rumaisa takan ɗago ta ce sannu Baba, shi kuma ya ɗaga hannu ba tare da ya tsaya ba.

Yau ya tsaya.

Labarin rumfa ya riga shi shiga. Matan suna ta maimaita maganar wushirya suna dariya. Rumaisa ba ta cikin masu dariyar, ba ta kuma tambayi kowa wace wushirya ba. Kanta yana kan keke, tabarma tana wucewa a ƙarƙashin allura. Ba ta ɗago ba.

Ya wuce.

A gidansa na Ɗorayi, a kan kantar ɗakin girki, akwai wani kwanon sha mai murfi. Tun makon jiya yake ganinsa. Jiya da ya ɗaga murfin yana neman sukari, cuku ya tarar a ciki.

Babu mai jego a gidan.